Ranar da Saurayina Ya Kushe Kunun Inna

Sallama gare ku 'yan uwa, tsofaffin masu bina da waɗanda yau suka fara leƙowa. Kowa ya nemi wuri ya zauna. Abin da zan ba ku yau ko 'ya'yan cikina ban taɓa ba su shi da bakina ba, don har yanzu in na tuna, kunya da dariya ne suke kama ni tare.

Ga sababbin zuwa, sunana Shafa'atu. A shekarar 1976 ina da shekara ashirin da ɗaya, ina aikin taimaka wa nas-nas a ɗakin yara na wani asibiti a Gusau. Farar riga, farin kallabi, farin takalmin roba da nake wankewa kullum kamar zan ci abinci a kansa. Gidanmu yana Bunguɗu. Duk Asabar da rana nake hawa mota in tafi, in dawo Litinin da sassafe.

A unguwarmu, a wancan lokaci, in mace ta kai ashirin da ɗaya ba ta yi aure ba, to ta zama abin hira a gidan suna. Baba ya ce shi ba zai yi mini dole ba, tunda da hannunsa ya kai ni makaranta. Inna ba ta cewa komai, sai dai ta dube ni ta yi ajiyar zuciya. Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, ita ce ta tattara maganar bakin kowa ta zuba a nata.

"Sa'o'inki na goyon na ukku, ke kina can kina goyon ɗiyan wasu," haka take tarbata tun kafin in cire takalmi. "Ga Alhaji Dogo nan, mutum har mutum. Mi kike jira? Mala'ika?"

Alhaji Dogo dillalin gyaɗa ne a Gusau, yana da manyan motoci biyu, matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan. Dogo sunan mahaifinsa ne, shi kansa ko da hula bai fi ni tsawo ba. Kuma ku ji tsoron Allah kada ku sa shi a layin mugaye, don mutumin kirki ne, mai fara'a, mai ƙamshin turare tun daga bakin zaure. Laifinsa ɗaya a wurina, in ya zo zance, rabin hirar a kan tayar mota take ƙarewa. Tun da ya fara nemana, duk wata sai motarsa ta tsaya a ƙofar gidanmu an sauke wa Inna buhun gyaɗa. Gaisuwa ce, in ji shi.

Ita kuwa gyaɗa a gidanmu ba ƙaramin abu ba ce. Innata, Delu, ita ce mai garin kunun yara da ake ji da shi daga Bunguɗu har Kwatarkwashi. Gero, gyaɗa, da wasu 'yan abubuwa da ko ni ba ta taɓa gaya wa ba. Mu bakwai ta yaye da shi, kuma duk wanda ya zo gidanmu sai ya ji wannan lissafi. Mata sukan aiko da kwano tun daga nesa, matan ma'aikatan jirgin ƙasa na Gusau ma suna aikowa. In kana son ganin fushin Inna, ba sai ka zage ta ba, ka ce kununta ya yi tsululu.

To, ga wanda zuciyata ta je ta zaɓo saboda rashin jin magana irin nata.

Yusha'u sunansa, ɗan Kucheri ta wajen Tsafe, ma'aikacin ɗakin gwajin jini. Siriri ne kamar kara, da tulin gashi irin na samarin lokacin, da wando mai faɗin ƙafa da yake share barandar asibiti kyauta. In yana tafe sai ka ji aljihun farin kot ɗinsa yana ƙara, ƙwal-ƙwal, saboda 'yan kwalabe. Bai iya zance ba ko kaɗan. Abin da ya iya shi ne rubutu a bayan takardar sakamako, wadda ni nake zuwa karɓa kullum da hantsi. Har yau ina tuna ta farko:

"Jinin yarinyar gado na huɗu ya yi ƙasa, a ƙara mata ƙwai. Kallabinki na yau ya zauna daidai."

Ta biyu kuma:

"Gado na tara ba tsutsa a cikinsa. Jiya ba ki zo ba, aka aiko Sista. Ban ji daɗi ba."

Ku gaya mini don Allah, wace mace ce mai hankali za ta narke saboda wannan? To ni na narke. Na riƙa ninke takardun ina ɓoyewa a ƙasan akwatina, tsakanin atamfa da atamfa, duk da rabin abin da ke ciki zancen tsutsa ne da gudawa.

Wata rana na shiga karɓar takarda, sai ya ce, "Zo ki ga wani abu." Na ce yau ce ranar. Sai ya buɗe firji ya fito da wani ɗan farantin gilashi, an zuba masa wani abu da ya daskare kamar kafaffen kamu, an huda masa ramuka ƙanana a jere. Kowane rami da farin zobe kewaye da shi, wani babba, wani ƙarami.

"Wasu likitoci ne daga Zariya suka ba ni wannan aiki," ya ce. "Kin san jinin mutum yana da masu gadi, su ne garkuwar jiki. In na ɗiga ruwan jinin yaro a ramin nan, zuwa jibi sai zobe ya fito. In ya yi faɗi, masu gadin suna da yawa. In ya tsuke, to gidan ba kowa, kowace cuta sai ta shigo ba sallama."

"Shi ke nan abin da za ka nuna mini?"

"Bai burge ki ba?"

"Ya burge ni," na ce. Allah ya yafe mini.

Ana cikin haka aka kawo Ɗalhatu.

Ɗalhatu ɗan yayata Hajara ne, watansa goma sha biyar. Ciki ya shiga jikin Hajara da wuri, sai aka yaye shi aka kai wa Inna, kamar yadda aka saba. Inna ba ta kiransa da komai sai Angona. Safe kunu, rana kunu, yamma kunu, tana ba shi tana yi masa kirari. Amma tun da damina ta ja baya yaron ya fara lalacewa. Gudawa ta tafi, tari ya zo. Tari ya lafa, ƙuraje su fito masa a baki su ƙi warkewa. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Yaron da yake bin kaji da rarrafe ya koma ba ya ko kuka sosai, sai dai ya yi ta kallon mutum. Ni na matsa aka kawo shi, na goyo shi da kaina a mota, Hajara tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi.

Kwana uku da kwantar da shi, Yusha'u ya kira ni. Ba takarda a ranar. Ya nuna mini zoben Ɗalhatu, ɗan mitsitsi, da ƙyar ya kewaye raminsa.

"Ba shi kaɗai ba ne," ya ce. "Yara tara ne zobensu ya tsuke haka a wata biyu. Na bi iyayensu ɗaya bayan ɗaya ina tambayar abin da suke ci. Shida daga cikinsu abu ɗaya aka ce mini. Akwai wata tsohuwa a garinku, wai ita Delu, mai sayar da garin kunu. Ina zargin gyaɗarta ta yi funfuna. Kin san ta? Ya kamata a je a tsawata mata."

Na dube shi. Na dubi farantin. Na sake dubansa.

"Na san ta," na ce.

"Madalla! Tana da saurin fahimta?"

"Ita ta haife ni."

'Yan uwa, ban taɓa ganin baƙin mutum ya koma launin toka a gabana ba sai ranar. Ya nemi kujera ya rasa, ya dafa firji. Kwalaben aljihunsa ma shiru suka yi.

Da ya dawo hayyacinsa ya yi mini bayani a hankali. Ya ce in gyaɗa ko masara ta sha danshi a ajiya, akwai funfunar da take kama ta, ta bar mata wani dafi da ido ba ya gani. Suya ba ta kashe shi, tafasa ba ta kashe shi. Babba yakan ci ya wuce bai sani ba, amma yaro da ba shi da wani abinci sai wannan, dafin yana taɓa masa hanta, kuma ana zaton yana kassara masu gadin nan na jini. Ya ce shi bai rantse cewa shi kaɗai ne ciwon Ɗalhatu ba, akwai yaye da wuri, akwai rashin nono. Amma in kawo masa garin ya gwada.

Akwai ragowar garin a ƙullin Hajara. Na ɗebo ban gaya mata ba. Bayan kwana biyu takarda ta zo, ba ko gaisuwa a ciki:

"Akwai shi. Da yawa. Kada a sake ba shi."

Ni da Sista muka mayar da Ɗalhatu kan madara da kunun asibiti da ƙwai. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce Asabar ɗin makon, don tun wata guda da ya wuce aka tsayar da ita a matsayin ranar da Yusha'u zai fara zuwa gaida Baba.

"Ka ji ni da kyau," na ce masa ranar Juma'a a bayan ɗakin magani. "Ka yi sallama, ka durƙusa, ka gaida Baba, ka sha ruwa, ka tashi. Maganar kunu ni zan yi wa Inna, a hankali, ranar Lahadi, bayan ta ci ta ƙoshi. Ka yi alkawari."

"Na yi."

"Kuma ka bar kwalaben nan a Gusau."

Ranar Asabar na sha wanka, na ɗaura shuɗiyar atamfata mai zanen ganye, na sa tozali, na sa 'yan kunnen da Hajara ta ba ni aro. Bayan la'asar ya iso. Ya ari babbar riga a wurin wani, ta yi masa yawa har yana taka ta, ya danna hula a kan tulin gashin nan tana rawa kamar za ta tashi. Gwaggo Kulu ta leƙa ta kafar ƙyaure ta dawo tana tafa hannu.

"Wanga shi ne? Iska mai ƙarhi ta taso, sai mu bi shi Tsahe da gudu!"

Gaisuwa da Baba ta tafi lafiya. Ina laɓe a bayan zana ina ji. Sai Inna ta ce ita ma za ta fito ta ga malamin asibitin da yake duba mata Angonta. Ta fito zaure da langa a hannu, ta ajiye a gabansa, ta buɗe. Kunun gyaɗa ne, da zafinsa, yana ƙamshin tsamiya.

"Sha, yaro. Ka ga abin da ya gina wadda kake bi."

Ya dubi langar. Ya ce, "Na gode, Inna, a ƙoshe nake."

"A ƙoshe? Da wanga wuya naka?"

Baba ya yi dariya. Ni kuwa ina bayan zana ina karanta duk addu'ar da na sani. Da a nan abin ya tsaya, da an rabu lafiya. Sai ga sallamar Rabi, maƙwabciyarmu, da goyon 'yarta 'yar wata takwas da kwano a hannu.

"Inna Delu, a sam mini garin nan, na fara ba ta tun shekaranjiya."

Na ga Yusha'u ya ɗaga kai ya dubi 'yar da ke bayanta. Ya juyo wajen zanar da nake, kamar yana neman gafara. Sannan ya gyara durƙuso.

"Inna, don girman Allah kada a ba ta. Garin nan akwai dafi a cikinsa."

Ko kajin gidanmu sun san an yi saɓo.

"Mi kac ce?"

"Gyaɗar ce, Inna. Ta yi funfuna. Ba laifinki..."

"Hunhuna? A garina? Ni Delu?" Ta miƙe tsaye. "Ɗiya bakwai na yaye da shi! Kai da mi aka yaye ka, da ka hito kamar tsinken tsire? Yau ka hwara taka gidanga, ka ƙi abincina, ka ce ina ba ɗiyan mutane guba?"

Gwaggo Kulu ta faɗo zauren ba ko mayafi. "Na hwaɗi! Na hwaɗa maku! Gyaɗar Alhaji ce yake wa baƙin ciki, don shi ko ƙwaya ɗaya bai iya kawowa!"

Rabi ta sulale da kwanonta ba gari. Baba ya ce wa Yusha'u, cikin sanyin murya, ya tashi ya tafi kada mota ta wuce shi. Ya tashi, ya taka rigar aro, saura kaɗan ya kifa. A ƙofar gida na cim masa.

"Alkawarin ke nan?"

"Shafa'atu, watanta takwas."

"Da ka bari gobe..."

"Da ta sha yau da gobe."

Gaskiya ya faɗa, don haka sai na yi fushi. Kun san halinmu. Na juya na shige gida. Inna ba ta yi mini magana ba har na bar garin, ko da na yi ƙoƙarin yi mata bayani sai ta ƙara wa rediyo murya.

Ranar Talata da hantsi ina gyara gadon Ɗalhatu, sai na ji ɗakin ya yi shiru. Na waiwaya. Inna ce a bakin ƙofa, cikin baƙin saƙinta na zuwa biki, da langa a hannu. Matar da ba ta taɓa taka asibiti ba, ko haihuwarmu duk a ɗaki ta yi.

"Ina Angona? Na kawo mashi kunu."

Na tsaya tsakaninta da gadon. Tun da aka haife ni ban taɓa tare wa Inna hanya ba.

"Inna, ba zai sha ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta leƙa ta bayana ta ga yaron. Mako guda ke nan da barin kunun, kumburin ya fara saɓewa, yana zaune yana tsotsar cokali. Da ya gan ta ya miƙa hannu. Na ga leɓenta ya motsa. Ta ajiye langar a ƙasa.

"Kai ni wurin Mai Kwalba."

Ashe da shirinta ta zo. A ɗakin gwaji ta kwance bakin mayafinta ta fito da ƙulli uku na gyaɗa, ɗaya a jan tsumma, ɗaya a fari, ɗaya a baƙi. Ta jera su a kan teburinsa.

"Tunda kai kana ganin abin da ido bai gani, to ga su. Ni kaɗai na san inda kowace ta hito. Ka hwaɗa mani mai dahin."

"Inna, aikin zai kai gobe."

"Ina da tabarma."

A gefen gadon Ɗalhatu ta kwana. Shi kuwa Yusha'u ya daka kowane ƙulli daban, ya jiƙa a wani ruwan magani mai warin gaske, ya tace, ya ɗiga a kan wani gilashi. Washegari da azahar ya kai mu ƙaramin ɗakin da ake wanke hoton ƙashi, wanda ba shi da taga. Ya rufe ƙofa. Inna ta damƙe hannuna.

"In wani abu ya taɓa ni, sai na yi ihu."

Ya kunna wata 'yar fitila mai shuɗin haske ya haska gilashin. Layi uku ne. Na farko ba komai. Na biyu akwai wani ɗan ɗigo dishi-dishi, sai ka ƙura ido. Na uku kuwa ɗigon yana walƙiya, shuɗi shar, kamar idon kyanwa.

"Farin ƙulli lafiya lau yake," ya ce. "Ja akwai kaɗan. Baƙin nan, Inna, ko akuya kada a ba."

Hannun Inna ya saki nawa. Ya buɗe ƙofa muka fito baranda. Ta zauna a kan benci, ta zuba wa ƙasa ido.

"Hwarin na gonar Malam ne," ta ce a hankali, tana nufin Baba. "Ni na shanya ta bisa rufi. Baƙin na buhun Alhaji ne, yadda ya zo. Jan ma na buhun ne, amma na zauna na tsince masu baƙi da masu yaushi. Da na buɗe buhun na ji warin sanyi. Na ce in an soya shi ke nan. Kyauta ce, ba a raina kyauta."

Ni dai ina jiran faɗa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai ta ɗago ta dubi Yusha'u, idonta ya cika.

"Ɗiyan mutane nawa na ba?"

Ya durƙusa a gabanta, a kan simintin nan, da farin kot ɗinsa. "Inna, ba ki sani ba. Shi ma Alhaji na tabbata bai sani ba. Ruwan ƙarshen damina ne ya doki gyaɗar mutane da yawa bana. Shekara nawa kina ciyar da yara lafiya? Gyaɗar ce ta canza, ba hannunki ba."

"Ban tambaye ka wa'azi ba. Nawa?"

"Shida na sani."

"Suna raye?"

"Biyar suna nan, suna samun sauƙi." Ya sunkuyar da kai. "Ɗaya an kawo shi a makare."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na zauna kusa da ita. Mun daɗe a haka, mutane suna wucewa suna kallonmu.

Abin da ta yi bayan nan shi ne abin da ya sa har gobe ba na yarda a taɓa mini uwa. Ba wanda ya sa ta. Ta koma Bunguɗu, ta ɗauki babban masaki, ta bi gida-gida. Duk inda ta san garinta ya shiga sai da ta je, har Kwatarkwashi, a ƙasa, a gindin duwatsun nan. Ta ce da bakinta, "Garina ya ɓaci, ku ba ni abina, in na yi sabo zan kawo maku." Wasu suka yi mata godiya. Wasu suka rufe mata ƙofa. Gidan da aka yi rashin ma ta shiga, ta zauna da uwar yaron tun hantsi har la'asar. Ba ta taɓa gaya mana abin da suka ce wa juna ba. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne garin da sauran buhu biyu, don kada kaji su ci.

Gwaggo Kulu ta ce an tozarta Alhaji, ta yi yaji ta koma gidanta. Kwana huɗu ta dawo, don ba wanda ya je biko.

Daga nan Inna ta aiko da saƙo ta bakina: a gaya wa Mai Kwalba, tunda shi ya ɓata mata sana'a, sai ya zo ya gyara. Haka Yusha'u ya koma ɗan aikin gidanmu duk Asabar. Baba ya ba shi izinin shiga har tsakar gida. Ya kafa wa Inna wani ɗan dandamali na itace don buhu ya daina taɓa ƙasa, ya zauna a tabarma da faifai a cinya suna tsintar gyaɗa ƙwaya-ƙwaya. Ita tana koya masa gane busasshiya da haƙori, shi yana fasa masu kyan baya yana nuna mata baƙin ciki. Duk tana yi masa tsiya.

"Mai Kwalba, hannunka kamar na kuturun kaza. Haka kake ɗibar jinin mutane?"

"Ana ƙoƙari, Inna."

"Ga kunu nan. Na gonar Malam ne. Ko sai ka haska mashi hitila?"

Ya shanye langa guda, ya ce a ƙara. Ta ce ashe dai da ciki a jikin karan.

An sallami Ɗalhatu bayan mako biyar. Da aka cika wata biyu da kwantar da shi, aka sake ɗibar jininsa. Takardar da na karɓa ranar, ga abin da ke bayanta:

"Zoben Ɗalhatu ya kusa ninka na farko. Ki gaya wa Inna Angonta ya samu masu gadi. Ni kuma har yanzu ban san matsayina ba."

Ni ma ban sani ba. Inna ba ta taɓa cewa ta yarda ba, ba ta taɓa cewa ta ƙi ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, muna tsakar gida, Inna tana sheƙar gero, Gwaggo Kulu tana kaɗi, Ɗalhatu yana bin zakara da tafiyarsa ta ɗan koyo. Na karanta wa Inna saƙon, amma na tsallake layin ƙarshe. Ta ci gaba da sheƙarta. Can sai muka ji sallamar Yusha'u daga zaure, kamar kullum, yana shirin shigowa.

Inna ta saki faifai. Ta zabura ta fizgi mayafi daga igiya, ta lulluɓe kanta har fuska, ta shige ɗaki da sauri kamar an biyo ta, ta saki labule.

Na bi ta a guje. "Inna, lafiya? Mai Kwalba ne fa."

"Ke, rufa mani baki!" ta ce daga ciki, murya ƙasa-ƙasa. "Kada in sake jin wanga suna a gidanga. Ki ce wa... ki ce wa yaron nan ina gaishe shi. Ya tsaya zaure."

Na fito tsakar gida. Me kuma ya yi? Wa ya kai mata wata magana? Na dubi Gwaggo Kulu. Ta ajiye mazarinta, ta taɓe baki, ta yi ƙwafa.

"Ke dai boko bai amfane ki da komai ba. Matar da ta yi wata biyu tana zagin yaro ido da ido, yau ta ji muryarshi ta ɓoye. Kunya ta hwara, sakarya. Wa kika taɓa gani yana hira da surukinai?"

Sai da na dafa turmi. Na ji kamar in yi guɗa, na tuna ba amarya ke yi wa kanta ba. Na gyara ɗaurin kallabi, na nufi zaure in gaya masa matsayinsa.

Ban kai ba na ji ƙugin babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Ƙamshin turare ya riga sallamar shigowa. Aka yi gaishe-gaishe. Sai muryar Baba:

"Shafa'atu! Taho da ruwa. Baƙi biyu gare ni, tabarma ɗaya. Kuma Alhaji ya ce yana son ya ji daga bakin wanda ya ce gyaɗarshi na da dahi."